Zanen da ke ƙasan akwatina

Yau ba maganar tsadar hatsi ko taki na zo da ita ba. Maganar kare ce. Wanda ya ji ƙyama ya daure ya bi ni har ƙarshe, in ya so ya yi mini faɗa daga baya.

Ana gab da komawa lakkal na ɗauki ɗiyata muka shiga babbar kasuwar Maraɗi sayen kaye da bik da jakar goyo. Gaban wani mai tebur ta toge, ta nuna wata jaka mai zanen dabba a bayanta: jan gashi, farin ƙirji, kunnuwa manya a tsaye, ƙafafu kamar an datse su, baki buɗe tana dariya. Ta ce, "Baba, wannan yanyawa ce ko zomo?" Mai tebur ya ce dila ce, haka ƴan Sin ke zana ta. Na ce masa kare ne. Ya kwashe da dariya, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin kare mai ƙafar agwagwa ba. Na biya jika uku da rabi ban ko taya ba, abin da ba halina ba ne. Ni na san karen nan. Na yi shekara biyu gida ɗaya da irinsa guda biyu.

A 2014 na samu tallafin ƙaro karatu a kan irin hatsi mai jure fari. Inda aka tura ni shi ne abin dariya, ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa: Wales, a yammacin Birtaniya, wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Aberystwyth. Kada ku wahalar da harshenku, mutanen garin ma Aber suke cewa. Tafiyar wajen awa uku ce a jirgin ƙasa daga Birmingham. Can cikin ɗakunan gilashi masu ɗumi ake shuka hatsinmu ana auna shi.

Ɗakin ɗalibai ya fi ƙarfin aljihuna, ga hayaniya har tsakar dare, sai na shiga neman ɗaki cikin gari. Na samu wata tsohuwa mai bayar da ɗakin sama na gidanta da araha. A waya ta tambaye ni ko "kogi" ba zai dame ni ba. Turancina lokacin bai nuna ba, mu da Faransanci muka tashi. Na ce a raina gidan bakin ruwa yake kenan. Na amsa mata da ƙarfin gwiwa cewa ni ɗan bakin Gulbin Maraɗi ne, ina ma son kogi. Na tura kuɗin wata biyu. Ranar da na iso da akwatina na danna ƙararrawa, sai na ji haushi kamar na karnuka goma. Tana buɗe ƙofa wasu gajerun halittu biyu suka fito suna kewaya ni. Ashe korgi take faɗi, su kuma ba sa furta "r" ɗin. Na gudu daga hayaniyar ɗalibai na faɗa gidan karnuka. Tsugune ba ta ƙare ba.

Ku kun san yadda muka tashi. Kare abin jifa ne. In ana son a ci mutuncin mutum da shi ake haɗa shi. Muna yara an sha tsorata mu da labarin mahaukacin kare, kuma ba tsoron banza ba ne, ciwon yana kisa. Na tsaya bakin ƙofar nan jikina na rawa, ina lissafin kuɗin da na riga na tura. Daga ƙarshe na faɗa mata gaskiya: ni Musulmi ne, ba na son su shiga ɗakina, ba na son su taɓa kwanon abincina. Ba ta ji haushi ba. Ta nuna mini wata ƴar ƙofar katako a gindin matakala, ta ce dama ba ta barinsu hawa sama, saboda bayansu dogo ne, ƙafafu gajeru, hawa da sauka na lalata musu ƙashin baya. Haka muka raba gida, sama tawa, ƙasa tasu. Ita kuwa tun ran nan Iya nake ce mata, har ta saba tana amsawa.

Sunayensu na harshen Wales ne, na kasa riƙewa, sai na raɗa musu nawa: Guntu da Mai Wutsiya. Ashe ban yi kuskure ba, don iri biyu ne daban. Guntu irin Pembroke ne, ja da fari, wutsiyarsa ɗan dungu, da ita aka haife shi haka. Mai Wutsiya irin Cardigan ne, ya fi girma da nauyi, gashinsa duhu, kunnuwansa masu faɗi, wutsiya har ƙasa kamar ta dila. Tun 1934 aka raba su a rajista, kowane da sunansa. Kalmar korgi kanta daga harshen Wales take, ma'anarta wadan kare. Tsayin Guntu daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa wajen kilo 12.

Abin da ya fara sa na dube su da wani ido shi ne da Iya ta ce karnukan kiwon shanu ne. Na yi dariya irin ta mai teburin nan. Na ce mu a arewacin Tawa muna da karen Azawak, dogo siriri, ƙafafu kamar na barewa, shi ne kare. Wannan da saniya za ta take shi ba ta sani ba? Ta ce gajartar ita ce sana'ar. Yana bin saniya ta baya ya ɗan cije ta a dunduniya, in ta yi harbi sai kofaton ya wuce ta saman kansa. Makiyayanmu da sanda da kira suke juya garke, su kuma manoman Wales da wannan suke kora shanu. Kuma jinin bai bar su ba. Kullum da safe in na sauko zan fita, Guntu na bayana yana tunkuɗar dunduniyata da hanci har sai ya ga na fice. Shekara biyu ana kora ni makaranta kamar maraƙi.

Gashi kuwa, kada ku tambaya. Riga biyu gare su, ta ciki mai laushi da ta waje, kuma sau biyu a shekara suna zubar da ta cikin kamar ana sheƙar ƙaiƙayi. Ba su taɓa hawa ɗakina ba, amma gashinsu ya hau, a ƙafar wando, a safa, har kan sallayata. Abin ya dame ni, na kira malamin da na yi karatun Risala a zaurensa. Ya ce in kwantar da hankalina: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, gashinsa da yawunsa ba sa ɓata tufa ko salla, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Ya ce abin da aka hana shi ne ajiye shi cikin gida ba da wata bukata ba, kiwo da gadin gona da farauta an yarda. Har ya ba ni labarin da ake bayarwa cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi. Sannan ya ce, "Gidan naka ne? Ba naka ba ne. Ka yi sallarka a ɗakinka, kuma kada ka cuci dabba."

Azumin 2015 ya faɗo cikin watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai goma saura na dare. Fiye da awa 18 muke kai wa. Kafin ƙarfe uku na dare nake saukowa kicin in yi sahur ni kaɗai, ba mai kiɗan tashe, ba kiran salla, ba ƙarar turmin maƙwabta. Daren farko na kunna wuta sai ga Mai Wutsiya ya taso daga kwandonsa. Bai matso ba. Ya zauna nesa da ni kamar kamu biyu, yana kallona. Da na gama na jefa masa ɗan guntun ƙwai. Shi kenan na jawo wa kaina. A dare na shida barci ya sace ni, agogo ya yi ta ƙara ban ji ba. Abin da ya tashe ni wani ɗan haushi ne ƙasa-ƙasa a gindin matakala, sau ɗaya, a dakata, a sake. Na sauko da saura minti ashirin. Na sani sarai ƙwai ya zo nema, ba lada ba. Amma wallahi tun daga ranar har Salla ban sake makara ba, kuma da azumi ya zagayo a 2016 dare biyu kawai ya ɗauka ya tuna aikinsa.

Da farko ra'ayina irin na kowa ne a nan: Nasara sun watsar da dangi sun rungumi karnuka. Har yau ban ce babu gaskiya a ciki ba. Mijin Iya ya rasu, ɗanta guda yana Ostireliya, ran Lahadi yake kira. Akwai satin da na ƙirga, ban da ni da mai kawo wasiƙa babu wanda ya taka ƙofar gidan. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu! A kartiyenmu da jikoki da maƙwabta sun hana ta ko gyangyaɗi. Amma ba ita ta kori kowa ba, haka rayuwar ta zo mata. Karnukan nan su ke tashe ta da safe, su ke sa ta dafa abinci, su ke fitar da ita waje sau biyu a rana ko ana ruwa. Da su take hira.

Ni ma ban gane nawa kaɗaicin ba sai da aka yi mata aiki a gwiwa cikin hunturu, ta yi makonni ba ta fita. Wa zai kai su yawo? Ta kasa roƙona, ni kuma na kasa kallonta tana jan ƙafa zuwa ƙofa. Na karɓi igiya. Na ja hula har gira, ina addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni. Rana ta uku kuwa sai ga wani ɗan uwa Bakano da muke sallar Juma'a tare. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ne da igiyar kare?" Na ce lalura ce. Bai ma ga mafi muni ba: doka ce a can in kare ya yi kashi a hanya mai shi ya kwashe da leda, in ba haka ba tara. Ni da ake ce wa injiniya a gida. Wannan kam har na baro ƙasar ban saba da shi ba.

Sai dai ga abin da na lura. Watanni ina bin titin bakin tekun nan ni kaɗai, har ƙarshensa inda mutanen garin ke da al'adar taɓa wani ƙarfe da ƙafa kafin su juyo, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ranar da na riƙo igiya, kafin in kai ƙarfen mutum biyar sun tsayar da ni. Su gaida karnuka tukuna, sannan su tambayi Iya da jiki, sannan su ce daga ina nake. Nan na yi ta bayanin cewa Nijar daban, Najeriya daban. Yawancin waɗanda na sani a garin nan Guntu ne ya haɗa mu.

Iya tsohuwar malamar makaranta ce, kuma tana zane da fentin ruwa. Teburinta na jikin tagar kicin. Korgi kawai take zanawa, a kan ƙananan katuna na gaisuwa, wani ɗan kanti na sayar mata. Kullum da kunne take farawa. Ta ce in kunne ya fita daidai sauran karen zai biyo. Tana zana su cikin furanni, ko sun yi ruf da ciki sun miƙe ƙafafun baya kamar kazar da aka gasa, ko da wani ɗan mitsitsin mutum mai fukafuki a bayansu. Na tambaye ta wannan fa? Ta ce a tatsuniyar Wales korgi dokin aljannu ne, shi ya sa ake ganin wani zane a gashin kafaɗarsu kamar wurin sirdi. Na ce mata mu ma a Maraɗi muna da aljannu masu hawa, amma namu mutane suke hawa. Ta yi dariya har ta zubar da ruwan fenti.

Tana da ƙorafi guda, kuma a kan Sarauniya Elizabeth ne. Mahaifin Sarauniya ya kawo korgi na farko gidansu a 1933. A 1944, da ta cika shekara 18, aka ba ta wata mai suna Susan, kuma daga zuriyar Susan ɗin nan ta yi ta kiwo, fiye da 30 ta riƙe a rayuwarta. Akwai sanannen zanen da Michael Leonard ya yi mata a 1986, tana zaune da rawayar riga da korgi a gefenta. Iya na da kwafinsa a jikin firij. Amma duk na Sarauniya irin Pembroke ne, shi duniya ta sani, shi ake bugawa a kofi da riga da jakar ƴan lakkal. Irin Cardigan kuwa, wanda ya samo suna daga yankin da Aber take ciki, an bar shi a baya. In tana faɗin haka sai ka ce Bamaraɗe ne ke gardama da Badamagare a kan wa ya fi iya kokowa.

Katunan sayarwa duk karnukan dariya suke, don abin da masu saye ke so kenan. Waɗanda take ajiye wa kanta daban ne. A cikinsu za ka ga furfurar bakin Mai Wutsiya, da yadda yake karkata in ya zauna. Shekararsa 13 lokacin. Bayan azumin 2016 ya fara jan ƙafar baya, farcensa na karce daɓe. Likitan dabbobi ya ce ciwon lakar baya ne da ke kama irinsu in sun tsufa, ba shi da magani. Daga baya sai da tawul nake tallafe cikinsa in fitar da shi bayan gida. Ni ɗin nan da na ce kada su taɓa ni. Da ya kasa tashi gaba ɗaya, Iya ta ce za a yi masa allurar da zai tafi cikin barci. Na yi mata gardama, na ce rai na Allah ne, a bar shi ya cika da kansa. Ta ce in dube shi da kyau in faɗa mata me ake jira. Ban da amsa, kuma har yau in na tuna raina bai gama kwanciya ba. Ni na haƙa ramin a gindin itacen tuffa, ƙasa jiƙe, ga duwatsu. Guntu ya yi kwanaki yana kwanciya bakin ƙofar baya, ko kora ni makaranta ya daina.

Ranar da zan taho, cikin Disamban shekarar, ta miƙo mini wani abu cikin kwali ta ce kada in buɗe sai na isa. A Yamai na buɗe. Kicin ne da dare, wuta ɗaya a kunne, tagar baƙi ƙirin. Mutum na zaune ya ba da baya, da faranti a gabansa. Can gefe, nesa kamar kamu biyu, kare mai doguwar wutsiya na zaune ya ɗaga kunnuwa. Ashe akwai daren da ta fito ta gan mu ba ta yi magana ba. Ba ta zana fuskata ba, don na taɓa gaya mata yadda muke ɗari-ɗari da zanen mai rai. Tazarar nan ma da ke tsakaninmu ta bar ta yadda take, ba ta matso da shi ba don zanen ya yi daɗin kallo.

Da na iso gida na jingina shi a kan tebur. Inna ta shigo ta gani. Ta ce, "Mi ne ne wanga? Karatun da munka aike ka kenan? Kare, kuma hoto, cikin ɗakin da kake salla? So kake mala'iku su ƙaurace ma gidan ga?" Na so in kawo mata bayanin malamai a kan bambancin zanen takarda da gunki, sai na ga ba wurinsa ba ne. Abin da take tsoro ba ita ta ƙirƙiro shi ba, yana cikin hadisi, kuma gidanta ne. Na naɗe shi cikin tsohon rawani na sa a ƙasan akwati.

Kowace sabuwar shekara katin Iya na isowa, wani lokaci sai Maris, da Guntu a jiki yana dariya. Na 2021 ne na ƙarshe. Daga baya ɗanta ya rubuto mini cewa ta rasu, Guntu kuma wata maƙwabciya ta ɗauke shi. Shi ya sa ranar 19 ga Satumban 2022, muna fada muna kallon jana'izar Sarauniya a tele, da aka nuno korgi biyu, Muick da Sandy, an riƙe su a harabar fadar Windsor suna jiran gawa, kowa ya fashe da dariya ana cewa ku ga Nasara har da karnuka a zaman makoki, ni tashi na yi na ce zan je in yi alwala.

To daren da muka dawo daga kasuwa da jakar nan, na jawo akwati na warware rawanin. Ɗiyata ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan bai kai na jakarta kyau ba, ba ya dariya. Na ce tsoho ne, kuma aiki yake. Ta ce don me ya zauna nesa? Ina cikin ba ta labarin sahur ban ji shigowar Inna ba. Yanzu idonta ya yi rauni, sai da ta karɓa ta kai shi kusa da fitila. Na jira faɗa. Ta ce, "Wanga shi ne ka ce yana tashe ka sahur?" Na ce shi ne, Inna. Ta ce, "Azumi biyu?" Na ce biyu. Ta ƙara dubawa, ta ce, "Ya hi ƙannenka, su sai na watsa musu ruwa." Sannan ta miƙo mini ta ce in maida shi akwati, in naɗe da kyau kada gara ta ci.